Sunan da Ke Jikin Katin 'Yata

Shekara takwas ina zaune gida ɗaya da 'yata, ina saya mata takalmi, ina yi mata faɗa in ta ƙi cin tuwo, ashe ban san sunanta ba. Ni da nake cika baki cewa in mutum ya tsaya a gaban teburina sau ɗaya, ko bayan shekara goma ya dawo zan gaya masa kalar laimar da ya taya bai saya ba. Kwamfuta ce ta tona min asiri, a watan Maris na farko bayan rasuwar matata.

Sana'ata tebur ce a bakin titi a Manhattan, nan Amurka. In ana ruwa laima, in ana sanyi hula da safar hannu, in rana ta fito tabarau. A Port Richmond muke zaune. Kullum da safe in hau bas zuwa St. George, in shiga jirgin ruwa in ƙetara. Baki dai Allah ya ba ni, don na taɓa sayar wa wani Bature hular sanyi a tsakiyar zafi, gumi na zuba masa, har ya yi min godiya. Amma ni da takarda ba ma ga maciji. Duk wasiƙar da ta shigo gidanmu ta matata ce: ta makaranta, ta asibiti, ta mai gida, ta haraji. Ita za ta karanta, ta cike, ta ɗora yatsa ta ce, "Maigida, nan." In sa hannu. Da ta ga dama ta sayar da ni ga masu jirgin ruwa, da da murmushina zan sa hannu, in tambaye ta me za a ci da rana.

Matata 'yar Damagaram ce, ni kuma Bakano. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Ciwon bai ja lokaci ba, wata huɗu ne tsakanin ranar da ta ce cikinta na damunta da ranar da muka kai ta makwanci. Ta bar min yarinya, da kwamfutarta, da wata baƙar jakar takardu mai zif a saman durowar kaya. Jakar nan na ƙi taɓa ta. Ko kusa da ita na je sai in ji ƙamshin humrarta, sai in fasa abin da ya kai ni.

Da lokacin haraji ya zo, abokan tebur suka ce ai abin ba wuya, yanzu ta intanet ake turawa, ko akuya ka zaunar gaban kwamfuta za ta gama kafin la'asar. Na ce to ba zan bari akuya ta fi ni ba. Na kunna kwamfutar marigayiya ranar wata Lahadi da hantsi. Ban san lambar sirrinta ba, don haka na buɗe sabon shafi da sunana. Lambobinmu kuwa ba sai na buɗe jaka ba. Kowa a ƙasar nan yana da lambarsa da hukuma ta san shi da ita, kuma ta rubuta namu duka uku a takarda ta manna a cikin murfin kabad ɗin kicin: "ni", "kai", "yarinya".

Na zo wurin da ake tambayar waɗanda kake ciyarwa. Na sa lambar yarinya. A gurbin sunan farko na rubuta sunan mahaifiyata, don shi aka raɗa mata ranar bakwai. Ni na yi mata huɗuba a kunne, liman ya faɗa a gaban jama'a a falonmu, aka yanka rago a Kano a ƙofar gidan tsohuwa. Tun daga ranar ban taɓa kiran sunan da bakina ba, ai ba a yi. Mamana nake ce mata. Uwarta kuma tana ce mata Innata, na ɗauka kunyar suruka ce. A gurbin suna na biyu na sa wanda ke jikin fasfona, wato sunan mahaifina. Na danna, na tura, na miƙe ina jin kaina kamar lauya.

Kafin magariba saƙo ya dawo. An ƙi karɓa. Wai suna da lambar wadda nake ciyarwa ba su dace da abin da ke wurin hukuma ba.

Na duba lambar sau ashirin, daidai take. Na sake turawa washegari, aka dawo min da shi. Na sake turawa da bisimilla da ƙulhuwallahu ƙafa uku, aka sake dawo da shi, da sauri ma fiye da na farko, kamar na'urar ta gane ni tun daga nesa.

Sai na kira wani mai cike fom a Parkchester, ɗan Zangon Kumasi, dattijo mai tabarau a kan hanci. Ba wai babu masu aikin a kusa da mu ba ne, suna nan birjik. Ni dai ina son wanda in raina ya ɓaci zan yi masa masifa da Hausa ya gane. Ya saurare ni ya ce, "Alhaji, ba lamba nake so ba. Katin kansa za ka kawo min, in gan shi da idona. Ka zo ranar Asabar."

Don haka ranar Asabar da safe na hau kujera na sauko da jakar. Yarinya na falo tana cin burodi da shayi. Na zuge zif. Komai a jere, kowace takarda da ambulan ɗinta, da rubutun hannun matata a baya. Na samu wanda aka rubuta wa "yarinya". Na zaro ɗan katin.

Suna na biyu sunana ne, na yanka, ba na fasfo ba. Wannan ban yi mamaki sosai ba, don a gida haka ake yi, ɗa da sunan ubansa ake kiransa ba na kakansa ba. Amma na farkon ba sunan mahaifiyata ba ne. Sunan mahaifiyar matata ne.

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zo min ba kuka ba ne, fushi ne. Na tsaya a tsakar ɗaki ina yi wa mamaciya faɗa. Shekara takwas! Ragona! Tsohuwata a Kano da take gaya wa duk unguwa tana da takwara a Amurka, har maƙwabta sun gaji da ji! Na ɗauki waya na sake kiran mai fom, ina magana kamar ina tallar laima ana tsawa. Na ce na gano matsalar, sunan da ke kati ba shi ne sunan 'yata ba, kuma sai an goge shi, ko kotu ce zan je, ko zan sayar da teburina. Ya ce, "To, ka zo dai tukuna."

Da na juyo, yarinya na tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Hausa tana jin ta sarai, amsawa ce sai da Turanci. Na ce, "Mamana, sa rigar sanyinki, ba wanda zan bar wa ke." Ta je ta sa.

Muka hau bas. A St. George, inda kullum sai ta roƙe ni in saya mata abin zaƙi, ko kallon shagon ba ta yi ba. Muka shiga jirgi muka zauna ta jikin taga. Na gwada abin da na saba, na nuna mata wani tsuntsun ruwa na ce wannan ƙanin babana ne, tun Kano yake bina bashin gaisuwa. Ko murmushi. Sai da muka yi nisa a kan ruwa ta ce, da Turancinta, ba ta kalle ni ba:

"Baba, in aka goge, me za su dinga kirana a makaranta?"

Na ce, "Yanzu me suke kiranki?"

Ta nuna aljihuna inda katin yake.

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Malamai, da ƙawayena, da likita. Kowa."

"Kowa ban da babanki?"

"Ai ba ka taɓa zuwa ba."

Wannan ta same ni a inda ba ƙashi. Gaskiya ta faɗa. Taron iyaye duk uwarta ke zuwa, ni ina bakin titi. Bayan rasuwa ma maƙwabciyarmu ce ke kai ta tare da 'ya'yanta, takardun makaranta kuma in sa hannu a ƙasa ba tare da na ɗaga ido sama ba.

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Mami ta ce ita za ta gaya maka da kanta. Ta ce tana jira sai ranar da ba ka cikin wasa."

Na juya fuskata wajen ruwa. A nan ne ranar asibiti ta dawo min, tiryan-tiryan.

Kwana biyu da haihuwa, ana shirin sallamarsu, ni kuma ina kan tebur don ranar ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, laima na tafiya. Matata ta kira ni ta ce an kawo takardar haihuwa, ma'aikaciyar ta ce gara a cike suna kafin su fita. Na yi dariya na ce wa ya taɓa jin an sa wa jariri suna kwana biyu, ko ɗan kaza ne? Ta ce to ya za ta yi, matar na tsaye a kanta. Na ce, da bakin nan nawa, "Rubuta duk abin da ya zo miki, ai takarda ce. Suna na gaskiya sai ranar bakwai." Na kashe waya na ba wani canji.

Abin da ya zo mata kuwa ba ɓoyayye ba ne, ni ne ban tsaya na duba ba. Mahaifiyarta ta rasu a Damagaram lokacin matata na da cikin wata shida. Ba ta samu zuwa ba, a waya ta ji an ɗauki gawa. Bayan sadakar arba'in, muna cin abinci, ta ce min a hankali, "Maigida, in mace ce, da za ka bar min in mayar da Inna." Na ce haba, ta fari ai ta tsohuwata ce, ta biyu taki, ta uku mu sa mata sunan mai gidan haya ko zai rage mana. Ta yi dariya, don ta saba yi wa shirmena dariya. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta biyun ba ta zo ba. Ranar suna tana zaune cikin mata da lalle a ƙafa, aka faɗi sunan mahaifiyata, ta ce Allah ya raya, ta yi ta raba wa mutane masa.

Daga jirgin ruwa muka shiga jirgin ƙasa, tafiya ce mai tsawo har Parkchester, kusan mutum ya yi furfura a hanya. Yarinya ta jingina da ni amma ba ta yi barci ba. Ni kuma ina ta lissafin abin da zan ce wa tsohuwata, ina kasa haɗa jimla ɗaya.

Ofishin mai fom wani ɗan lungu ne a bayan shagon kayan abinci, sai ka ratsa buhunan shinkafa da jarkokin manja kafin ka same shi. Ya ɗago ya kalle mu ta saman tabarau.

"A'a, Alhajin laima! Kai ne kake ihu a waya kamar an sace maka tebur? Wannan shi ne yarinyar? Kai, ya girma!" Hausar Zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

Na ce, "Malam, yau ba ni da ƙarfin faɗa da kai."

Ya ga fuskata, ya daina dariya. Da na gaya masa rasuwar matata, ya yi min ta'aziyya, don ashe bai ji ba. Ya jawo wa yarinya kujera, ya miƙa mata alewa daga cikin durowa, ta karɓa ta riƙe ba ta ɓare ba. Ya karɓi katin ya duba, ya duba abin da na tura, ya gyaɗa kai.

"Ka ga inda ka faɗi. Suna na biyu ne. Kai ka sa na babanka, a kati kuma naka ne. Mutanenmu kullum a nan suke tuntuɓe. Shi ya sa aka dawo maka da shi."

"Na farkon fa?"

"Yadda na saba gani, na biyun ne na'urar ta fi sa wa ido. In na gyara shi kaɗai, mai yiwuwa ya wuce. Amma ni ba na son aikin mai yiwuwa. Ƙa'ida ita ce abin da ke kati shi ake rubutawa, harafi da harafi." Ya ajiye katin a tsakaninmu. "In kuma so kake a canza sunan gaba ɗaya, hanya tana nan. Akwai takardu, akwai zirga-zirga, zai ɗau lokaci, amma ana yi. Kai ne uba, ba mai hana ka. Yau dai mu tura yadda yake, in ya so ka fara bin wancan daga baya. In rubuta maka inda za ka fara zuwa?"

Ya ɗauki biro ya jawo ƙaramar takarda.

A cikin shago wata mata na ciniki, tana cewa doyar nan ta yi tsada. Yarinya ta sunkuyar da kai tana juya alewa a hannu. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba. Haka uwarta take, in ta faɗi magana sau ɗaya ta gama, sai dai ka ga ta ci gaba da aikinta.

Na tuna tsohuwata, kuma har ga Allah na ji ciwo. Amma tsohuwata tana da jikoki goma sha wani abu a Kano, uku daga ciki sunanta suke amsawa. Matar da ke kwance a Damagaram 'yarta ɗaya ce, ita ma ga ta a ƙasar wasu. Kuma ba sata aka yi min ba. An tambaye ni a kan abinci na mayar da abin wasa, an sake tambayata a waya na ce a rubuta komai. Abin da zan gaya wa tsohuwa nauyina ne, ba na yarinyar da ta wayi gari ba uwa ba.

Na ce, "Malam, ajiye biron."

"Ka tabbata? Kada gobe ka kira ni kana ihu."

"Ihu dai zan yi, ai sana'ata ce. Amma ba a kan wannan ba. A bar shi yadda ta rubuta."

Yarinya ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Har abada?"

Na ce, "Har ki tsufa ki rasa haƙora, jikokinki su dinga tauna miki nama."

Sai a lokacin ta ɓare alewar.

Mai fom ya juya ga kwamfutarsa, ya ture katin gabana, ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, in karanto masa. Na buɗe baki na kasa. Sunan surukata ne. Tun da na auri 'yarta ban taɓa furta shi ba, ko a bayan idonta, ko bayan ranta. Na tsaya ina kallon katin kamar ɗan aji ɗaya.

Ya gane. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kano da kunya. To, Hajiya ƙarama, zo ka taimaki babanka."

Ta sauko daga kujera ta tsaya kusa da shi. Ba ta ko kalli katin ba. Ta faɗi sunan gaba ɗaya, da ƙarfi, yadda ake amsa kiran suna a aji, sannan ta bi shi harafi-harafi yana bugawa. Da ta zo kan na biyu, wato nawa, ta ɗan saci kallona, don ta san shi ma ba a faɗa a gabana, ta faɗe shi da sauri. Mai fom ya cire tabarau ya ce, "Allah ya jiƙan mai sunan, ya jiƙan wanda ya rubuta." Muka shafa. Ya danna ya tura.

Ya ce amsa takan ɗan jima, mu je mu ci abinci. Muka shiga wani gidan abinci na mutanen Gana kusa da tasha, na saya mata shinkafa da wake, ta cinye tas, abin da rabonta da yi tun kafin rasuwar uwarta. Tana ci tana ba ni labarin kakarta, wanda uwarta ta ba ta: wai tana da tsaga a kumatu, wai tana kiwon tattabaru, wai ba ta yarda kowa ya taɓa mata tukunyar miya. Ni da na yi shekaru ina gaishe da matar nan a waya ina durƙusawa a falo kamar tana ganina, ban san ko ɗaya ba. Muna wanke hannu wayata ta yi ƙara. Mai fom ne. Ya ce, "Alhaji, an karɓa."

Muka hau matakala zuwa inda ake jiran jirgi, a sama, iska na kaɗawa. Ta yi gaba kaɗan ta tsaya tana leƙen layin dogo, ta ba ni baya. Mutane ba yawa. Na duba dama na duba hagu, ba Bahaushe ko ɗaya da zai ji ni. Na nemi gafarar surukata a zuciya. Sannan na kira sunan, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba.

Ta juyo nan take, tun kafin in rufe baki.

Ta ce, "Na'am, Baba?" Da Hausa.

Na ce, "Ba komai. Matso daga bakin nan, zo ki riƙe hannuna, jirgi na zuwa."